Ga Ƙannena Masu Kewar Madina



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɗan'uwanku da ya yi mini sallama bayan isha'i, cikin hunturun da ya wuce. Watansa biyar ke nan da dawowa daga Jami'ar Musulunci ta Madina. Ya gama Kulliyar Hadisi da sakamako mai kyau, an yi walima a gida, dangi na kusa da na nesa sun zo barka. Muka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo shayi, ya riƙe kofin har ya huce bai kurɓa ba. Can sai ya nisa ya ce, "Yaya, ni fa tsoro nake ji. Kamar imanina can na baro shi." Na ce masa me ya faru? Ya ce a satin nan kaɗai sau biyu rana tana fitowa bai yi asuba ba, alhali shekara shida ya yi a Madina, biyu a ma'ahadin koyon Larabci, huɗu a kulliya, bai tuna ranar da jam'in asuba ya wuce shi ba. Izu biyun da yake karantawa kullum sun koma rabi, rabin ma sai an kai ruwa rana. Ya ce idan aka nuno Masallacin Annabi a talabijin, tashi yake ya bar ɗakin, don kada Hajiya ta ga hawayensa.

Ban yi masa wa'azi a daren ba, domin ciwon da ya kawo mini na yi jinyar irinsa. Ni ma na taɓa tsayawa a filin jirgi riƙe da fasfo mai ɗauke da bizar da ɗalibai ke kira huruj niha'i, wato fita ta ƙarshe, kwalayen littattafaina sun riga sun yi gaba, ina waiwaye ko zan hango hasumiyoyin masallaci. Abin da ban samu faɗa masa a zauren ba shi ne zan faɗa muku yanzu, ku da kuka dawo da ku da kuke shirin dawowa. Madina zan yi ta ambata domin ita na sani, amma wanda ya baro Azhar a Alƙahira, da wanda ya baro jami'ar Say a Nijar, da wadda ta gama Al-Qalam a Katsina, kowa zai ga fuskarsa a cikin maganar.

Mutanen gida suna zaton abin da ake kewa shi ne wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da na'urar sanyaya ɗaki, da shinkafa da kaza. Akwai wannan, ba na musu, ɗan Adam ne. Sai dai abin da ke hana ɗalibin Madina barci ya wuce nan. Yana tuna yammacin da motocin jami'a ke jeruwa bayan la'asar suna kwasar ɗalibai zuwa Harami, kowa da littafinsa a hammata. Yana tuna zaman tsakanin magariba da isha'i, kowane ginshiƙi da halƙarsa, can ga Shaikh Abdulmuhsin al-Abbad a kujerarsa ana karanta masa hadisi yana sharhi, an bi manyan littattafan hadisi shida ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, ba gaggawa. Yana tuna yadda kusan kowace salla sai an yi shelar sallar gawa, a bi makara zuwa Baƙi'a, mutum ya dawo zuciyarsa ta yi laushi ba tare da kowa ya ce masa uffan ba. Yana tuna Ƙuba ranar Asabar, da Uhudu da ke tsaye a arewacin gari kullum kamar mai gadi. Idan azumi ya zo, yaran Madina su riƙe hannunka su ja ka zuwa shimfiɗar gidansu a cikin masallaci, ga dabino, ga kindirmo, ga burodin shuraik da garin dukka, mutum dubbai a zaune an yi tsit ana jiran ladan. In ƙarshen mako ya yi kuma aljihu da ɗan nauyi, ka ɗaura harami a Zul Hulaifa, ka yi tafiyar kilomita ɗari huɗu da wani abu zuwa Makka, ka yi umara, ka dawo ka shiga aji kamar ba ka je ko'ina ba.

Ga kuma abokai. Ɗaki ɗaya ya haɗa ka da mutumin Indunisiya da na Bosniya da na Senegal, babu abin da ya haɗa harsunanku sai Larabci da alƙibla. Wanda ya riga tashi ya tashi saura. Idan ka ji nauyin jiki, ganin takalman 'yan'uwa sun ɓace daga bakin ƙofa ya ishe ka tsawatarwa. Hirarku mas'ala ce, musunku a kan ingancin hadisi ne, ko wasanku ma da baitin nahawu ake yin sa. Wanda ya rasa irin wannan zama rana ɗaya, in bai yi kewa ba, to shi ne ya kamata a bincika lafiyarsa. Saboda haka kada wani ya sa ku ji kunyar hawayenku. Son garin da Manzon Allah (SAW) ya so, ya yi masa addu'ar albarka, yake kwance a cikinsa, ba abin ɓoyewa ba ne.

Amma ku tsaya ku duba kalmar da Bahaushe ya zaɓa wa ranar gama makaranta. Bikin yaye ɗalibai ake cewa. Yaye. Kowa a cikinmu ya ga yadda ake yaye yaro: a ɗauke shi daga bayan uwarsa a kai shi gidan kaka, ya kwana biyu yana kuka, ya ƙi kunu, ya ƙi hannun kowa, ya rame. Ba ƙiyayya ce ta sa aka raba shi da nono ba, kuma nonon bai lalace ba. Lokaci ne ya yi da ƙafarsa za ta ɗauki jikinsa, cikinsa ya karɓi tuwon da kowa ke ci. Abin da ya same ka ke nan, ƙanena. Shekara shida Madina tana goye da kai. Ladan yana kusa da kunnenka, mota tana jiranka, abinci an dafa, mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibi, tana shigowa ƙarshen wata, malami yana kan kujera ko ka zo ko ba ka zo ba, babu mai buga maka ƙofa da kuɗin haya ko takardar asibiti. A irin wannan hali, barin salla cikin jam'i ya fi yin ta wahala. Ina faɗin wannan ba don in rage maka lada ba, Allah ya karɓa. Ina so ne ka gane cewa wani kaso na ibadar da kake ƙirgawa taka ce, wurin ne ya ɗauke maka nauyinta. Yanzu an sauke ka, an kwance zanen goyo, kuma abin da ka gani ya rage a hannunka shi ne ainihin jarinka. In ka same shi kaɗan, kada ka firgita. Da shi za a fara kasuwa. Sahun asubar da ka taka ka je a unguwarku, cikin duhu, babu wuta, bayan ka kwana kana fama da sauro da tunanin abin da za a ci gobe, kai ka kai kanka, babu motar da ta kai ka.

Wannan tsoro da ya kama ɗan'uwanku ya kama wanda ya fi mu. Imamu Muslim ya kawo labarin Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah (SAW), wanda ya fito yana tuhumar kansa da munafunci. Dalilinsa shi ne, idan suna gaban Annabi ana ambaton wuta da aljanna sai su ji kamar suna ganinsu da ido, amma da sun koma cikin iyali da 'ya'ya da gonaki sai mantuwa ta shigo. Ya haɗu da Sayyidina Abubakar, shi ma ya ce yana jin haka a ransa. Suka tafi tare suka kai ƙara. Annabi bai tabbatar musu da tuhumar ba. Ya nuna musu cewa da za su dawwama a kan halin da suke ciki a gabansa, da mala'iku sun riƙa gaisawa da su a hanya, amma rayuwar mumini lokaci ne na wannan da lokaci na wancan. Ku lura, Hanzala bai bar Madina ba. Tazarar da ke tsakanin masallaci da gidansa ce kawai ta canza masa zuciya. To ina ga wanda ya haye Bahar Maliya?

Akwai wani labarin da na fi so ku riƙe, domin kamar da ku aka yi shi. Maliku ɗan Huwairis ya zo Madina tare da wasu samari tsararrakinsa, suka zauna wajen Annabi kwana ashirin suna koyon addini. Da ya lura sun fara kewar iyalansu, sai ya tambaye su waɗanda suka baro a gida, sannan ya umarce su da su koma cikinsu su zauna, su koyar da su, su tsayar da salla, ɗaya ya yi kira, babbansu ya yi limanci. Bukhari ya kawo shi. Samarin nan suna zaune da Manzon Allah da kansa, a garin da salla ɗaya a masallacinsa ta fi dubu a wani wuri in ban da Masallacin Harami, amma bai ce su tare a nan ba. Gida ya tura su. Kuma aya ta 122 a Suratut Tauba da ake yawan karanta mana a ranar yaye, ba ta tsaya a kan fita neman fahimtar addini ba, sai da ta haɗa da komowa wajen mutanen da aka baro.

Jami'ar da kuke kuka a kanta ma a kan wannan aka gina ta. An kafa ta a 1381 bayan Hijira, daidai da 1961, a zamanin Sarki Sa'ud, kuma tun farko mafi yawan kujerunta na 'ya'yan wasu ƙasashe ne. Malamanta sun riƙa zuwa har ƙasarmu suna yin daura, wato kwas na ɗan lokaci, suna zaɓen ɗalibai. Ba su zo don su ƙara wa Madina mazauna ba. Tikitin da aka ba ka na zuwa ne da dawowa.

Ku dubi karatun zauren da kakanninmu suka tashi a kai, daga Ahalari zuwa Ishmawi, zuwa Iziyya, zuwa Risala, har Muhtasar. Ta ina ya biyo ya iso Kano da Katsina da Agadas? Imamu Malik ya rayu a Madina ya rasu a cikinta a shekara ta 179. Da ɗalibansa duk sun ce ba za su iya rabuwa da garin ba, da ilminsa ya tsaya a inda aka binne shi. Ibnul Ƙasim ya lazimce shi kusan shekara ashirin, sannan ya koma Masar, kuma a wajensa Sahnun ya ɗauko Mudawwana ya kai Ƙairawan. A Ƙairawan ɗin ne daga baya Ibnu Abi Zaid ya rubuta Risalar da har gobe ake biya ta a zaurukanmu. Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi ya taso tun daga Andalus. Ana ba da labarin ranar da aka shigo da giwa Madina, ɗalibai suka watse kallo, shi kaɗai ya zauna, ya ce don Malik ya zo, ba don giwa ba. Mai irin wannan son malami, ka san rabuwa ba ta zo masa da sauƙi ba. Duk da haka ya ɗaure kayansa ya koma Ƙurɗuba, kuma ruwayarsa ta Muwaɗɗa ita ce ta fi yaɗuwa a duniya, ita ce a kan kantocin littattafanmu. Kafin su ma sahabbai sun watsu: Ibnu Mas'ud a Kufa, Abud Darda'i a Dimashƙa, Anas ɗan Malik a Basra, Mu'azu ɗan Jabal a Yaman sannan Sham. Babu wanda zai ce ya fi waɗannan son Madina.

Ban ce babu waɗanda Allah ya rubuta wa zama can ba. Shaikh Hammad al-Ansari daga Mali ya fito, ya zauna ya karantar da hadisi a Madina har ƙarshen rayuwarsa, kuma an amfana. Wanda ƙofar majistir ko dakta ta buɗe masa ta hanyar da ta dace, ya shiga, muna yi masa fatan alheri. Abin da nake ja muku kunne a kai daban ne. Na san wanda ya dawo ya shekara uku bai kama komai ba, kullum yana cike takardun neman komawa, yana jiran sunansa ya fito, ƙannensa suna ciyar da shi. Na san wanda ya sayar da gonar gado ya tafi da bizar umara ya ɓuya, ya zama ɗan takari, mai shahadar Shari'a yana wasan ɓuya da 'yan sanda a lunguna, ba ya iya zama a halƙar da ya koma dominta. Wannan ba son Madina ba ne, gudun gida ne aka sa masa rawani.

Sannan ku yi hattara da zuciya, domin rariya ce, tana tace abin da take so ta zubar da saura. Yau kana tuna sanyin marmara a Rauda, ka manta zafin bazarar da iska ke dukan fuska kamar daga bakin tanderu. Ka manta daren jarrabawa. Ka manta ranar sallar da ka sauko daga idi ka shiga ɗaki ka rufe, kana tuna hawan sarki da tuwon Inna. Ka manta yadda kuke taruwa gidan wani ɗalibi mai iyali idan alhazai sun kawo kuka da daddawa, ku ci tuwo kamar ba ku taɓa gani ba, ku yi ta lissafin watannin da suka rage. Ni ina can aka yi mini rasuwar da har yau take ci mini rai, ta waya aka gaya mini, an riga an kai makwanci. A lokacin da za a ba ni fukafuki, da ban kwana ba. Kana can kana kewar nan, ka zo nan kana kewar can. In ba ka yi wa zuciya linzami ba, sai ka ƙare rayuwarka ba ka taɓa zama a inda ƙafarka take ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, domin shi ne ramin da na ga ya fi cinye 'yan'uwanmu. Kewa idan ta daɗe ba a yi mata magani ba, rikiɗewa take ta zama raini. Sai ka ga yaro ya dawo, limamin unguwarsu da ya yi masa huɗuba ranar suna yanzu karatunsa bai yi masa ba. Malamin allon da ya koya masa baƙi da wasali ya zama abin gyara. Kowace magana sai ya ce, "Mu a Madina ba haka ake yi ba." Ya gyara wa mahaifinsa alwala a gaban baƙi. Ya shiga masallaci yana ƙirga kurakurai maimakon tasbihi. Wata uku ba a yi ba, mutane sun fara sauya hanya idan sun hango shi, shi kuma ya ɗauka gaskiya ce suke gudu. Ƙanena, ba gaskiya suke gudu ba, fuskarka suke gudu. Dattijon limamin nan da kake ganin tajwidinsa da saura, shekara talatin ko arba'in yana buɗe masallacin nan da asuba, babu albashi, babu mukafa'a, ya yi wa rabin unguwar wankan gawa, ya sasanta auren da ba su ƙirguwa. Abin da kake kuka ka kasa riƙewa wata biyar, shi ya riƙe shi tun ba a haife ka ba. Je ka durƙusa ka gaishe shi. Ka roƙe shi ya ba ka tsakanin magariba da isha'i sau biyu a mako ka karanta wa yara Arba'una, ka ce a ƙarƙashinsa kake so ka yi. In akwai gyara, kuma na san akwai, zai shiga ta wannan ƙofar cikin shekaru. Ta taga ba zai taɓa shiga ba.

Wani kuma ba ya raina kowa a fili, sai ya janye jikinsa. Yana cikin ɗaki, waya a hannu, yana cikin zauren WhatsApp na 'yan ajinsu har ƙarfe biyun dare, ana tura hotunan koriyar ƙubba ana "Allah ya maimaita mana". Ko kuma ya koma Facebook yana raddi ga mutanen da bai taɓa gani ba, yana da mabiya dubbai, amma ƙanwarsa da ke ɗakin kusa ba ta iya karanta Fatiha daidai ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Zumunci da abokan karatu abu ne mai kyau, ku riƙe shi. Amma wanda ya raba dare yana kallon Harami kai tsaye a waya, sannan ya makara sallar masallacin da ke bayan katangarsu, ya sani kewar ta fara cin abin da ta zo tunawa.

Ku tuna Malam Ja'afar Mahmud Adam, Allah ya ji ƙansa. Ya gama Kulliyar Alƙur'ani a Madina ya dawo Kano a 1993, aka harbe shi yana limancin asuba a masallacin Ɗorayi ranar 13 ga Afrilu, 2007. Tsakanin dawowarsa da rasuwarsa shekara goma sha huɗu ce kacal. A cikinsu ne ya yi darussan Gadon Ƙaya da tafsirin azumi a Masallacin Indimi na Maiduguri, waɗanda har yau ake ji a motocin haya da shagunan tela. Ko ka yarda da shi a komai ko kuna da saɓani, abu ɗaya ba ya musuntuwa: da Hausa ya yi magana, da mutanensa ya zauna, kuma amfanin karatunsa na Madina a gida ya fito.

Maganar abinci kuwa ba zan ɓoye muku ba, ita ce ke ƙara wa kewa gishiri. Wata na farko da ba a ga mukafa'a ba, mutum yake sanin lallai an yaye shi. Ga zirga-zirgar tantance takardu a Abuja, ga bautar ƙasa ga wanda bai haura talatin ba, ga makarantun Islamiyya da albashinsu ba ya kai mutum tsakiyar wata. Ga 'yan'uwa da suke ganin duk wanda ya fito daga Saudiyya da riyal ya dawo. Shawarata ita ce kada ka jira kujerar da ta dace da shahadarka kafin ka motsa. Kama koyarwa ko da kaɗan ake biya, ka haɗa da wata sana'a: fassara, kasuwa, noma, ɗinki, gyaran waya, duk abin da halal ne. Malaman zaurenmu da yawa da safe suna gona ko rumfar kasuwa, da yamma suna kan buzu, kuma ba a taɓa ganin hakan ya rage musu kwarjini ba. Wanda ke ci da guminsa yana iya faɗin gaskiya ba tare da ya leƙa fuskar mai kuɗi ba. Abin da nake ji muku tsoro shi ne yunwa ta mayar da ilminku kayan talla a ƙofar 'yan siyasa.

Ku kuma ƙannena mata, ban manta da ku ba, ko da yake a zamaninmu jami'ar da na yi ta maza ce. Naku yayen ya fi namu tsanani. Namiji ko ba komai yana da masallaci sau biyar a rana, yana da majalisa. Ke kuwa sau da yawa daga ɗakin kwanan ɗalibai sai ɗakin miji, ƙawayen da kuke muraja'a tare kowace an kai ta wani gari, littattafai suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, ga goyo ga girki. Kada ki yarda a ce karatunki ya ƙare a ranar da aka ɗaura aure. Matan gidanku da na maƙwabta suna da tambayoyin haila da biƙi da iddar da ba za su taɓa iya yi wa namiji ba. Nana Asma'u 'yar Shehu da 'yan tarunta ba su jira an gina musu jami'a ba. Mata uku a tsakar gida bayan la'asar, makaranta ce. Ku kuma mazajensu, wanda ya auri mai ilmi ya bar ilmin ya mutu a hannunsa, ya shirya amsar da zai bayar.

Ina kuma tuna ɗalibanmu na Khartum, waɗanda yaƙi ya ɓarke a kansu ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar. Su ba su samu walima ba, ba su yi bankwana da malami ba, wasu ko littattafansu ba su ɗauko ba. Idan kai da ka gama lafiya ka karɓi shahadarka kana jin abin da kake ji, ka auna nasu. In akwai irinsu kusa da kai, neme su.

To me za a yi da kewar ita kanta? Ba ta fita gaba ɗaya, kuma ban so ta fita. Ni har yau idan na ji ƙamshin wani turare, sai in ga kaina a Babus Salam. Abin da na koya shi ne a ba ta aiki. Duba abin da kake kewa ɗaya bayan ɗaya, za ka ga mafi yawansa ana iya dasa irinsa, ko da ba zai yi tsawon na can ba. Kana kewar wanda ke tashinka da asuba, to nemi mutum ɗaya a unguwa, ba lallai mai shahada ba, ko mai shayi ne, ku yi alkawarin wanda ya riga tashi ya buga wa ɗaya ƙofa. Kana kewar halƙa, to garinku bai rasa malamin da ya fi ka a wani fanni ba. Ɗauki littafi ka je ka zauna a ƙasa, ka sake zama ɗalibi, domin ranar da aka fara kiranka Ustaz ka daina zuwa gaban kowa, ranar ilminka ya fara tsufa. Izu biyu sun gagara, riƙe rabin izu, amma ka sa masa lokacin da ko gobara ake ba ka taɓa shi. Kwalayen littattafan nan da ka biya kuɗin jirginsu, buɗe su kafin gara ta riga ka. Kuma idan abin ya wuce kewa, barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, ka daina son ganin kowa har makonni, to ka gaya wa wani babba, ka je asibiti. Ciwon damuwa ciwo ne kamar zazzaɓi, ba raunin imani ba ne, kuma neman maganinsa ba ya cin karo da addu'a.

Ɗan'uwanku da na fara ba ku labari ya sake zuwa bayan ƙaramar salla. Ya ce limaminsu ya ba shi daren Talata da na Laraba, yara bakwai ne ke zama, da wani dattijo mai gyaran keke da ke jingina da bango yana saurare. Ya ce har yanzu yakan yi mafarkin yana cikin motar Harami, ya farka ya ji zakaran maƙwabta. Na ce masa ni ma haka.

Ƙanena, duk inda wannan takarda ta same ka, ina roƙonka abu ɗaya. Gobe idan ladan unguwarku ya kira asuba, ko lasifikar tana ƙara, ko tabarmar ta yage, ko mutum biyar ne a sahu, tashi ka je ka zama na shida. In an idar kada ka yi saurin fita. Tsaya ka gaida liman, ka tambaye shi wane dare ne babu karatu a masallacin.

Allah ya sa Madina ta yi mana shaida, ya maimaita mana ziyara. Wassalamu alaikum.